Ismay Ta Ƙi Nutsewa

Idan ka tambayi mutanen ƙauyenmu wane ne Cuthbert Stiell, za su ce maka maƙerin jirgin ruwa ne da ba a yi kamarsa ba a duk tsibirin Kariyaku. Idan ni ka tambaya, zan ce maka mijin yayata ne, kuma na yi shekara arba'in da ɗoriya ina neman abin da ta gani a jikinsa ban samu ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa ɗaya bugun guduma ya toshe shi, ɗayan kuma shi ya toshe abinsa don kada ya ji maganar mutane. Sunana Verna, ɗinki nake yi, kuma tun ina budurwa ni nake ɗinka tutar sunan kowane jirgi da aka tura ruwa a gaɓar nan. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba.

Sana'ar gado ce a gidansu. Ba ya zane a takarda. Sai ya sassaƙa ɗan jirgi da bai wuce tsawon hannu ba, ya rataye shi a rumfa, ya yi kwanaki yana harararsa, sannan ya saɓa gatari ya shiga daji neman itacen sida wanda Allah ya riga ya lanƙwasa daidai haƙarƙarin da yake so. Jirgi talatin da ɗaya ya ƙera a ƙarƙashin itatuwan kwakwar bakin gaɓa, kuma babu ɗaya da ya taɓa cin mutum. Wannan kam ba zan hana shi ba.

A wurinmu mai jirgi ne yake zaɓen suna, kuma ba a faɗa sai ranar turawa, lokacin da za a warware tuta. Na ɗinka sunayen matan mutane da na 'ya'yansu, har da na wata da matar mai jirgin ba ta san da zamanta ba sai da tuta ta buɗe. Yayata Ismay ta yi shekara talatin da biyar tana kai masa tuwon masara da kifi bakin aiki, tana cire masa sartse da allura. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa: ya ƙera ko ɗan kwalekwale ne na kansu, ya sa masa sunanta. Kullum amsarsa ɗaya ce, "Bari in gama wannan." Ya gama wannan, ya gama wancan, ita ma ta gama nata kwanakin. Tana da shekara shida a ƙasa aka yi abin da zan ba ka labari.

Masu fim sun fi shekara ashirin suna zuwa mana. Wai ruwanmu ya fi kyau a kyamara. Fim ɗin 'yan fashin teku suke yi, guda ɗaya tal, amma sun ƙi barinsa ya ƙare. Su sa wa mazan ƙauye tsummoki, su shafa musu baƙi a haƙora, su ce su yi ihu su faɗa ruwa. Fitzroy mai shagon giya ya mutu sau tara a fina-finai biyar, har yau da wannan yake taƙama. Ni kuma riguna sababbi fil ake kawo mini in tsufar da su da ruwan shayi da dutsen goge ƙafa. Ban taɓa yin aikin da ya ba ni haushi kamarsa ba.

Na farkon ba laifi: sun nemi akwatin zinariya, sun samu, sun kashe juna a kansa. A na biyu suka sake neman akwatin, sai dai ya fi girma. A na uku aka ce kyaftin ɗin 'yan fashin yana da ɗa. A na huɗu aka ce ɗan ba nasa ba ne. A na biyar aka kai su ƙasar ƙanƙara, wato aka zuba mana farin gari a gaɓa, muka yi wata biyu muna sharewa. Na shida ko zuwa ba su yi ba, a cikin kwamfuta suka haɗa teku da jirgi da guguwa, duniya kuwa ta ƙi kallo. Muka ce to, Allah ya raba mu. Sai ga sabon darakta ya sauka, wani dogon saurayi mai gajeren wando da ɗan littafi a hannu, Mista Garrick, wanda ko tari ka yi sai ya ce madalla.

Wata rana da la'asar na shiga shagon Fitzroy sayen gishiri, na tarar ya tara maza yana tambayarsu.

"Ku kuka fi kowa sanin fim ɗin nan," in ji shi. "Me za mu yi mutane su daina hamma?"

"Ka bar ni in rayu har ƙarshe, yallaɓai," in ji Fitzroy. "Ko sau ɗaya ne. Matata ta gaji da zaman makoki."

Wani daga baya ya ce a yi wa kyaftin ritaya, tunda yanzu da kujera ake hawar da shi jirgi. Wani ya ce a kawo aljanu, aka tuna masa an riga an kawo. Garrick ya juyo wajena.

"Tanti Verna fa?"

"Ku daina," na ce. "Shi ne sabon abin da ba ku taɓa gwadawa ba."

Ya yi dariya, ya ce madalla, ya rubuta. Cuthbert yana kusurwa da kofinsa. Mutumin da zai yi mako bai ce uffan ba, ranar nan bakinsa ya buɗe.

"Ɗan samari, jiragenku ba su da nauyi. Na kalli na ƙarshen nan. Igiyar ruwa ta bugi jirgi, ko ƙara bai yi ba. Katako yana kuka in ruwa ya matse shi. Jirgi in zai nutse ba ya sauri, kokawa yake yi, yana fitar da numfashi. Mutumin da ke zaune a Landan, ko bai taɓa ganin teku ba, cikinsa ya san ƙarya in ya gan ta."

Garrick ya daina rubutu. Ya zuba masa ido kawai, irin kallon da mahauci yake yi wa saniya a kasuwa. 

Bayan wata uku suka dawo da shawararsu. Fim na bakwai zai ƙare da jirgi na gaske, ƙirar hannu, ya nutse a teku na gaske, ɗauka ɗaya, ba kwamfuta. Da wannan za su yi talla, da wannan za su dawo da masu kallo. Cuthbert kuwa ya yi shekara huɗu ba wanda ya ba shi aiki, kowa ya koma sayen jirgin roba mai inji. Kafin su rufe baki ya ce ya yarda.

Na same shi a rumfarsa yana wasa gizago.

"Cuthbert, da gaske ne za ka ƙera jirgi don a kashe?"

"Ba jirgi ba ne, Verna. Akwati ne mai siffar jirgi. Ba suna, ba Fadan coci, ba jinin yanka. Katako ne da ƙusa."

"Kai da ko bencin coci aka ba ka gyara sai ka yi masa kamar zai tsallaka teku?"

"Ke dai je ki ji da keken ɗinkinki."

"Zan je. Amma kunnenka mai ji ɗin nan ya riƙe cewa na gaya maka."

Injiniyoyin fim suka ba shi takarda mai alamar jan fenti a wuri shida, duk ƙasa da inda ruwa yake kaiwa. A wuraren nan katako zai zama siriri, don a ɗaura albarushi a bayansa ya fashe da sauƙi. Ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya tokare ƙafar teburinsa da ita. Sannan ya shiga daji neman sida, don wai zai ƙera akwati. Wata goma sha ɗaya yana aiki. Kowace tsaga sai da ya cusa mata auduga ya bi da kwalta sau biyu. Mutumin da ya tsufa ya fara jan ƙafa, sai ga shi yana hawa tsani yana fito.

Ranar da ya kai wurin jan alama na farko ina tsaye, na kawo wa leburorinsa labulen rumfa. Ya kafa siririn katakon kamar yadda aka ce. Ya danna da babban yatsa, katakon ya lotsa. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Sai ya sa ƙarfe ya ɓamɓare shi, ya kafa mai kauri, ya ƙara haƙarƙari guda a bayansa, ya ɗauko jan fenti ya yi alama a kai. Haka ya yi wa duka shidan, bai gaya wa kowa ba. Kada ka ba shi darajar cewa dabara ya ƙulla don ya ceci jirgin. Hannunsa ne bai iya aikin banza ba, kansa kuma bai iya tunanin gobe ba. Ni ma da na gani na ja bakina na yi shiru, don ina so masu fim su sha wuya.

Da lokacin turawa ya yi sai magana ta tashi. Babu injin ɗaga kaya da zai iya sauka gaɓarmu, sai ƙarfin mutane, kuma jirgi mai ƙafa sittin yana son mutum ɗari a igiya. Maza suka ce ba za su taɓa ba. Fitzroy ne ya kai saƙon.

"Yallaɓai, mutuwar wasa ko sau nawa ne zan yi maka. Amma ba mai sa kafaɗarsa ƙarƙashin jirgin da ba a yi wa baftisma ba. Jirgi marar suna jini yake nema. In ba a ba shi na akuya ba, zai sha na mutum."

Garrick kamar ya taka rawa. Ya ce madalla, a yi komai da komai, zai ɗauka a kyamara. Ya ce suna kuma Cuthbert ya sa duk wanda ya ga dama, tunda fenti zai rufe shi.

Washegari da safe Cuthbert ya zo ƙofata, zuwansa na farko tun ranar jana'izar Ismay. Bai shigo ba, bai cire hula ba. Ya miƙo mini 'yar takarda a ninke. Na buɗe na karanta.

"Ba ka da kunya," na ce.

"Ba mai jirgi, Verna. Karon farko ke nan da aka bar mini zaɓi."

"Tana da rai ba ka ba ta ko kwalekwale ba. Yanzu ka ba ta wanda za a fasa da albarushi."

"Shi ne mafi kyau da na taɓa yi."

"Na sani. Shi ya sa nake ji kamar in kwaɗa maka almakashin nan."

"Kuma ke ce uwar baftisma."

Kamata ya yi in yayyaga takardar in watsa masa a fuska. Ban yi ba. Na ciro farin yadin da nake ɓoyo, na yanka haruffa biyar da jan ƙyalle, na ɗinka su da hannu. Ina so in ga sunan yayata a sama cikin iska ko sau ɗaya ne, kuma wannan son ya rufe mini ido. Nawa rabon laifin ke nan, ba na ɗora wa kowa.

Ranar turawa duk tsibirin ya zo. An dafa shinkafa da wake da naman akuya a manyan tukwane. Fada ya yayyafa ruwan albarka, aka yanka bunsuru a kan benen jirgin jini ya bi katako, aka zuba giyar rake gaba da baya. Ni na tsaya a gaban jirgi da sabuwar riga. Masu gatari suka jeru, suka sare sandunan da suka tokare gefe ɗaya, sara ɗaya murya ɗaya, jirgin ya kwanta a hankali kan gungumen da aka shimfiɗa. Maza da mata suka kama igiya suna waƙa. Da ƙirjinsa ya taɓa ruwa aka ja zare, tuta ta warware, sai ga sunan Ismay. Tsofaffin matan da suka yi makaranta da Ismay suka fashe da kuka. Ni ban yi ba, haƙorana na cije. Jirgin ya zauna a kan ruwa daram, bai karkata ko kaɗan ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa jirgin masu fim, Ismay ake cewa.

Sai a lokacin kowa ya gane abin da aka yi. Mazan da suka tilasta a yi baftisma suka fara sunkuyar da kai in sun gan ni. Masu fim suka karɓe ta mako biyar. Suka shafe ta da baƙin fenti, suka yayyaga filafilanta, wato yadin da ke kama iska, da gangan, suka kakkafa mata igwa ta kwali, suka cika cikinta da duwatsu don ta yi saurin tafiya ƙasa. Na ajiye girman kaina na je wurin Garrick. Na ce ya sa a haɗa masa wani na katakon banza ya fasa, ya bar mana wannan, kamun kifi za ta yi shekara hamsin.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Tanti, ai abin da zai sa ya taɓa zuciyar mutane ke nan. Dubi yadda ya taɓa taki."

Na zare hannuna na goge a zane. Na tsani yaron nan, kuma har yau ban rage ba.

Aka sa rana. Da hantsi suka ja ta tsakiyar ruwa, kyamarori a kan jirage huɗu, wata a sama tana shawagi. Ƙauye duka yana gaɓa. Cuthbert ya zauna kan wani kifaffen kwalekwale, hannuwa a gwiwa. Garrick ya ɗaga hannu ya sauke. Ƙara shida a jere, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse. Da iska ta kwashe hayaƙin sai ga Ismay a inda take, da tabo shida a gefe, tana ɗan rausaya. Gaɓa ta ɗauki sowa. Fitzroy ya jefa hularsa sama. Ni ma na yi dariya har da riƙe ciki, ina kallon injiniyoyi sun yi cirko-cirko da takardunsu.

Da rana tsaka suka ninka albarushin. Wannan karon babban jigon filafilai ya karye ya faɗa ruwa, bayanta ya kama wuta. Ta karkata, muka riƙe numfashi, ta sake miƙewa. Ba wanda ya yi sowa. Garrick ya yi jajur, yana ta ihu cikin rediyon hannu, yana nuna rana da take gudu. Sai ya tura mutum huɗu da zarton inji.

Ƙarar ta biyo ruwa ta same mu a gaɓa. Ba su san inda za su yanka ba. Suka yanka bene, suka yanka bakin jirgin, suka shiga ciki suna cin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, sarƙar zarto tana tsinkewa suna sakewa. Gutsattsarin farin katako ya rufe ruwa, igiyar ruwa tana kawo shi har ƙafafunmu. Sa'a guda cur ana wannan. Mata suka fara juya baya, wasu suka tafi gida. Ni na kasa tafiya, na kasa kallo.

Cuthbert ya tashi. Ya shiga rumfarsa, ya fito da babbar guduma da dogon ƙarfe. Garrick ya sauko gaɓa a lokacin, ya tare shi.

"Mista Stiell, ka yaudare mu. An ba ka takarda."

"Ka janye mahautan nan naka."

"Ka san abin da ka jawo mana?"

"Na ce ka janye su. Ka kunna kyamararka. In na fito daga ciki ka fara ɗauka."

Na sha gabansa na damƙe masa riga. "Cuthbert, in ka taɓa ta da hannunka, ni da kai har abada."

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja. "To su ci gaba da yankanta har faɗuwar rana?"

Na sake shi. 

Fitzroy ne ya tuƙa shi a kwalekwale zuwa wurin Ismay. Muka ga ya hau, ya shafa bakin jirgin, ya sauka cikinta. Akwai katako ɗaya can ƙasa da yake manne da ƙashin bayan jirgi, shi ake fara kafawa, kuma wanda ya kafa shi ne kaɗai ya san inda zai saki. Muka ji guduma, a hankali, bugu da hutawa, bugu da hutawa. Sai ta yi shiru. Ya fito, ya sauka kwalekwale, Fitzroy ya ja baya.

Ismay ta daɗe kafin ta nutse. Ta yi ƙasa kaɗan-kaɗan, katako yana kuka, iska tana fita ta ƙofar bene da huci. Gabanta ya ɗaga sama, ya tsaya kamar ba zai tafi ba, sannan ya bi sauran. Ruwa ya tafasa a wurin, ya kwanta. Can a jiragen kyamara aka ɓarke da tafi, Garrick yana rungumar duk wanda ya samu. Sun sami sabon abinsu. 

Cuthbert ya sauko, a jiƙe har ƙirji, ba guduma a hannunsa. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ni ban matsa ba. Na tanadi maganganun da na yi shekaru ina tarawa, kuma na yi niyyar zazzage masa su a gaban kowa. Ya tsaya a gabana, ruwa yana ɗiga daga wandonsa.

"Wannan karon dai ina wurin," ya ce.

Ranar da Ismay ta cika a asibiti, yana can daji yana saran sida. Wata ya yi duhu, kuma a wurinsu itacen da aka sare a duhun wata ne ba ya ruɓewa, sai ya ce zai je ya dawo kafin jikin ya yi tsanani. Sau uku ta tambaye ni ko ya iso. A hannuna ta tafi. Shekara shida bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa ba, har na ɗauka ya manta.

Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Amma duk abin da na tanada ban zazzage masa ba. Na ce masa ya je ya canza wando kafin sanyi ya kama shi.